Kawu da Faifan da Babu Sunansa

Daga Allah muke, kuma gare Shi za mu koma ɗaya bayan ɗaya. Kawu, yayan mahaifiyata, ya cika ranar Talata bayan la'asar a gidansa da ke bayan Kasuwar Artisan a Enugu, bayan jinyar da ba ta kai sati biyu ba. Washegari da hantsi muka kai shi makwancinsa.

Kwana uku na yi a kan tabarma ina karɓar gaisuwa, ina kuma sauraron abin da kowa ke faɗa a kansa. Limamin masallacin 'yan albasa ya ce shekara da shekaru bai taɓa waiwayowa bayan sallama ya rasa Kawu a sahun gaba ba. Abokan kasuwancinsa suka ce mutum ne mai gaskiya amma mai wuyar sha'ani, wanda ko ɗan'uwansa ne ya aiko masa da buhu sai ya farke bakin ya zura hannu ya ciro ta can ƙasa ya duba. Wata tsohuwa 'yar Ibo mai sayar da manja a layinsu ta zo ta tsaya nesa da tabarmi, ta ɗora hannu biyu a ka, ta juya ta tafi. Direban tirelar da ke kawo masa kaya daga Sakkwato ya ce, "Ni dai ban taɓa ganin dariyarsa ba, amma ban taɓa wuni da yunwa a garin nan ba." Duk gaskiya suka faɗa. Sai dai kowa ya faɗi ɓangaren da ya sani ne, kuma na lura manyan da suka san sauran sun kama bakinsu.

A rana ta uku, ana shirin addu'a, keke mai ƙafa uku ya tsaya a bakin layi. Wani tsoho ɗan Ibo ya sauko da ƙyar, da sanda, ya rungume wata leda mai faɗi a ƙirji. Ya tuɓe takalmi ba a ce masa ba, ya durƙusa gaban Kawu Babba, babban yayan su Kawu da mahaifiyata, ya yi gaisuwa da Hausa tas, irin ta mutanen Kano na da. "Ya haƙurinmu? Allah ya sa ya huta, Allah ya ba mu dangana." Hausar nan ce ta tayar da hankalin jama'a. Da a ce da Turancin buroka ya yi magana, da ba wanda zai dube shi sau biyu.

Nan da nan raɗe-raɗi ya tashi. Wanda ke bayana ya ce takardar fili ce a ledar, ya zo ne ya ce gidan nan na kakansa ne. Wani ya ce 'yan coci ne suka turo shi. Wani kuma ya ce irin masu bin gidajen makoki ne da labarin ƙarya, su koyi Hausa don su shiga jikin mutane. Kawu Babba bai amsa gaisuwar da baki ba, kai kawai ya gyaɗa, idonsa na kan ledar. Ni kuwa na gane abin da ke ciki daga faɗinsa. Na kuma zaci ko wane ne mutumin, kuma ban ji daɗin ganinsa ba.

Amma bari in fara da Kawu.

Kawu mutum ne da bai yarda da kowa kai tsaye ba. Tambayarsa ta farko ga duk wanda ya zo masa da magana ita ce, "Wa ya aiko ka?" Mai neman aure, mai neman rumfa, mai kawo katin ɗaurin aure, har ma'aikacin wuta da ya zo da takardarsa a hannu, duk sun sha wannan tambaya. In ka ce ba wanda ya aiko ka, sai ya ce, "To zauna mu gani." Ya bar ka a benci ya ci gaba da harkarsa, yana satar kallonka. Bayan na gama makaranta na yi shekaru a rumfarsa ina koyon sana'ar albasa kafin in koma Fatakwal in buɗe tawa, kuma har na bar wurin ban daina jin cewa ana gwada ni ba.

Ya hana kunna waƙa a rumfarsa. Rediyo sai labarai, da an gama ya kashe. Amma kunnensa ya fi na kowa a layin. Yana zaune zai ce wa maƙwabci janaretonsa zai tsaya kafin azahar, kuma ya tsaya. Yatsun hannunsa na hagu ba sa hutawa, kullum suna tafiya a gefen tebur ko a kan gwiwarsa, ɗaya bayan ɗaya, kamar suna neman wani abu. Muka ɗauka tasbihi yake. Wata Asabar ana biki a wani fili da ke bayan kasuwa, makaɗa sun kafa sifiku, muna jin su har rumfa. Kawu ya yamutsa fuska. Na zaci zai fara faɗan da ya saba a kan hayaniya, sai na ji ya ce a hankali, "Mai bes ɗin nan gaggawa yake yi. Ya riga mai ganga." Na ce, "Kawu, mene ne bes?" Ya dube ni kamar na kama shi da abu a hannu, ya ce in je in ƙirga buhunan da aka sauke.

A Onitsha asirin ya tonu. Mun je babbar kasuwa sayen buhunan zuba kaya, muka ratsa ta layin masu tsofaffin rediyo. Wani mai gyara, furfura fal a kansa, ya ɗago ya ga Kawu, ya ajiye abin da ke hannunsa ya miƙe tsaye. Ya ce, "Malam Bes?" Kawu ya ci gaba da tafiya. Mutumin ya biyo mu yana kiran sunan, yana kwaikwayon wani kiɗa da bakinsa, dum, dum-dum, dum. Kawu ya tsaya cak, ya juyo, ya ce masa da buroka ba haka ake yi ba, akwai ɗan shiru kafin na ƙarshen. Ya yi masa da nasa bakin. Mutumin ya riƙe kai yana dariya, idonsa ya kawo ruwa. Muka shiga mota. Sai da muka yi nisa a hanyar Enugu ya ce, "Ka ji abin da ka ji. Kada ya kai kunnen uwarka."

Sauran labarin guntu-guntu na same shi, cikin shekaru, a ranakun da ya ga dama.

'Yan shekaru bayan yaƙin basasa kakanmu ya dawo Enugu da iyalinsa ya sake kafa kasuwancinsa. Kawu saurayi ne a lokacin, shi ake aika wa otal-otal da kayan miya. A ɗaya daga cikinsu wasu samari biyar ke gwajin kiɗa da rana a bayan kicin. Sun fito daga yaƙi ba su da komai sai kayan kiɗan haya da faya-fayan baƙaƙen Amurka da suke kwaikwayo, kiɗan da suke kira sol da fank. Kawu kan ajiye kwando ya tsaya kallo. Wata rana mai kaɗa musu bes, wato jita mai tsirkiya huɗu mai kaurin murya, bai zo ba. Mawaƙinsu, wanda aka haifa a Kano kuma yana jin Hausa, ya miƙa wa Kawu cikin zolaya. Kawu ya taɓa koyon garaya a ɓoye tun suna Arewa. Ya ce min, "Na ɗauke ta na kaɗa kamar garaya, don abin da na iya ke nan. Suka tsaya suna kallona. Mai ganga ya ce in sake."

Ya bar gida ya bi su, shekara uku ya yi tare da su. Sun yi wasa a otal-otal na Enugu da Onitsha da Fatakwal, a bukukuwan makarantu, a wasannin rawa na ranar Lahadi da yamma. Ba su taɓa zama manya ba. Faifai ɗaya tak suka yi, aka buga kaɗan, aka sayar a shaguna biyu ko uku, shi ke nan. Daga nan mai kayan hayar ya karɓe kayansa, kowa ya kama gabansa. Mai ƙaho ya shiga aikin coci. Mai jita ƙarama ya rasu da wuri. Mai ganga ya koma Fatakwal yana aikin walda. Kawu ya dawo gida, kakanmu ya karɓe shi da sharaɗin kada a sake ambaton maganar, kuma ba a sake ba.

Abu ɗaya ne ke kawo masa zafi in yana ba da labarin. A bayan kwalin faifan an rubuta cikakken sunan kowa, ban da nasa. Shi "Malam Bes" kawai aka sa, kuma a hoton ya ba da baya. "Sun goge ni," ya ce. "Mawaƙin nan ne. Waƙoƙi biyu a kan kiɗana aka gina su, amma ya goge ni." Na tambaye shi me ya sa ya ba da baya a hoto. Ya ce na cika tambaya.

Mun taɓa yin faɗa sau ɗaya, kuma a kan wannan ne. Wata rana a Fatakwal ina duba waya, na rubuta sunan ƙungiyar tasu don son sani. Sai ga waƙa ɗaya ta fito. Wani a ƙasar waje ya samu faifan ya ɗora a intanet. Na sa a kunne, na zauna a kan buhu, ban san lokacin da mai saye ya gaji da jira ya tafi ba.

Ban iya bayanin kiɗa ba, amma zan faɗi abin da na ji. Ganga ce ke farawa, a bushe, ba ado. Sai bes ta shigo daga ƙasa, tana maimaita abu ɗaya, tana ɗan jinkiri kamar mai tafiya da ƙasaita, ta yi shiru a inda kake jiran ta yi magana. Shirun nan ne ke sa ka motsa kafaɗa. Jita ƙarama tana caccakar gefe, ƙaho ya shigo ya fita, mawaƙi yana ihu da buroka a kan wahalar gari da son wata yarinya. Duk inda suka je, bes ɗin suke dawowa su jingina da ita. Kuma duk wanda ya taɓa jin garaya a wurin mafarauta zai gane hannun. A ƙasan waƙar mutane daga ƙasashen da ban taɓa zuwa ba sun yi ta rubutu, da yawansu tambaya ɗaya suke yi: wane ne mai bes ɗin nan?

Na hau mota na zo Enugu da murnata. Na same shi a rumfa bayan azahar, na miƙa masa wayar. Bai kai minti ɗaya yana ji ba ya kashe, ya kife ta a tebur.

"Wa ya aiko ka?"

"Kawu, ba wanda ya aiko ni. Mutane ne ke yabon ka."

"Su wa? Ka san su? Ka san abin da suke nema?"

"Ba abin da suke nema. Kiɗan suke so."

"Ba a neman mutum haka kawai bayan ya tsufa. Mawaƙin nan ne ya ba ka. Ya biyo ta kanka tunda ya san ba zai same ni ba."

Na rantse masa ban taɓa ganin mutumin ba. Bai yarda ba. Ni ma raina ya ɓaci, na ce masa shi ne ke goge kansa, ba wani ba. Ya nuna min hanya da hannu. Wata biyu ba ya ɗaukar wayata.

Shi ya kira daga baya, ba gaisuwa, ba maganar abin da ya wuce. Ya ce gobe yana tafe Fatakwal, in tare shi a tasha. Ya sauko da rabin buhun albasa da jarkar man gyaɗa. Muka ɗauki keke zuwa wata unguwa ta bakin ruwa da ban taɓa shiga ba, muka bi ta kan katakai har wani ɗaki. A ciki wani tsoho ne kwance, ɓarin jikinsa ya shanye, bakinsa ya karkace, ba ya iya magana. 'Yarsa ce ke jinyarsa. Mai gangarsu ne. A wurinta na ji cewa tun da ciwon ya same shi Kawu ke zuwa duk bayan 'yan watanni, yana shigowa garin da nake ya fita ban sani ba.

Kawu ya zauna a bakin gado. Bai yi dogon jaje ba. Ya kama hannun da ke da rai, ya juya tafin sama, ya fara buga masa da yatsu huɗu, irin tafiyar nan da na saba gani a gefen tebur. Aka ɗan jima. Sai ƙafar tsohon ta fara motsi a ƙarƙashin zane, diddige na dukan katifa, daidai kan lokaci. Suka yi ta yi, ɗaya da yatsu, ɗaya da diddige, ba sauti sai ƙarar ƙarfen gado. Can Kawu ya tsaya ya ce masa da buroka, "Har yanzu kana riga ni shiga." Rabin fuskar tsohon ya yi dariya.

A keke muna dawowa na ce, "Kawu, me ya sa ka zo da ni yau?" Ya ce gwiwarsa ce ba ta son katakan nan, yana bukatar mai riƙe masa kaya. 

To, wannan shi ne mutumin da muka binne, kuma tsohon da ya zo da leda a rana ta uku shi ne mawaƙin.

Bayan an shafa addu'a jama'a sun ragu, Kawu Babba ya ce a shigo da shi zaure. Mu uku ne, sai mahaifiyata, Umma, da ke tsaye a bayan labulen ƙofar cikin gida. Tsohon ya zare faifan daga leda ya ajiye a kan tabarma. Kwalin ya sha jiki, gefunansa sun cinye. Samari biyar da wanduna masu faɗin ƙafa da suma tuli a ka, huɗu suna kallon mai hoto, dogon cikinsu ya juya baya.

Ya ce, "Alhaji, ba kuɗi na zo nema ba, ba kuma kuɗi na kawo ba. Wasu mutane a waje suna so su sake buga faifan nan. Sun ce in rubuta musu sunan kowa daidai. Mu biyar ne, yanzu saura ni da wanda ke kwance a Fatakwal. Sau uku ina zuwa wurin marigayi, sau uku yana korata. Na zo in nemi izininku a sa sunansa."

Kawu Babba ya ce, "Su wane ne mutanen?"

Ya faɗi abin da ya sani.

"Ka gan su da idonka?"

"A waya muke magana."

"A waya." Kawu Babba ya gyara zama. "Mun binne mutumin kirki, mai sahun gaba. Kai kuma ka zo ka tono mana makaɗi, ka kai sunan gidanmu inda ake shan giya ana rawa. Ka ɗauki abinka."

Ban yi niyyar magana ba, amma ta fito. Na ce wa tsohon, "Baba, in sunansa ya dame ka haka, me ya sa ka goge shi tun farko? Shi da bakinsa ya faɗa min."

Tsohon ya dube ni. Ya ce, "Haka ya ce maka?"

"Haka ya ce."

"Ranar da za a ɗauki hoton nan, shi ya juya baya. Mai hoto ya yi ta roƙonsa. Ranar da zan kai sunaye, shi ya riƙe min hannu ya ce in na rubuta sunan mahaifinsa a kwalin nan ba shi ba ni. Ya ce tsohon zai iya mutuwa in wani ya kai masa. Na ce to me zan sa? Ya ce in sa abin da muke kiransa." Ya ci gaba da cewa, "Bayan an buga, na kai masa nasa. Ya juya bayan kwalin ya karanta sunayenmu ɗaya bayan ɗaya, ya zo kan nasa. Tun daga ranar ya daina yi min magana. Na yi abin da ya ce, kuma bai yafe min ba."

Na ce, "Kana da shaida?"

"Ba ni da ita. Wanda ya ji da kunnensa ba ya iya magana yanzu."

Na dube shi ina neman alamar ƙarya. Mutum ne da ya yi rayuwarsa a gaban jama'a, ya san yadda ake karya murya a inda ya dace. Kuma mamaci ba ya musu. Amma na san Kawu. Na san zai iya ba da umarni a bi, sannan ya riƙe wanda ya bi ɗin a zuciya har ƙarshen ransa. Har yau da nake rubutun nan ban yanke wanda ya faɗi gaskiya ba. Wani lokaci ina ganin dukansu biyu ne.

Kawu Babba ya tura faifan da bayan hannu. Tsohon ya miƙa hannu zai ɗauka, sai muryar Umma ta fito daga bayan labule.

"Yaya, a bar shi a nan."

Kawu Babba ya ce, "Ke kuma me za ki yi da shi?"

"Kayan ɗan'uwana ne. A bar shi."

Umma ba ta taɓa musu da Kawu Babba a gabana ba sai ranar. Ya tashi ya saka takalmi ya fita. Tsohon ya bar faifan da lambar wayarsa a wata 'yar takarda, na raka shi bakin layi na tare masa keke. Bai miƙo min hannu ba, ni ma ban miƙa ba.

Ba mu da abin kunna faifai. Bayan addu'ar bakwai na kai shi Onitsha wurin mai gyaran nan. Da na faɗa masa rasuwar ya cire tabarau ya zauna. Sannan ya wanke faifan da ruwa da auduga, ya ɗora a kan wani tsohon garmaho, ya juye min duka fuskokin biyu a waya. Na tsaya a kansa har ya gama, don ban yarda in bar faifan ya kwana a hannun kowa ba. Waƙar da na sani tana fuskar farko. Ta biyun ban taɓa jin ta ba, kuma hayaniyar kasuwa ba ta bar ni na ji sosai ba.

Na dawo Enugu na sami Umma a tsakar gida da hantsi tana tsince shinkafa. Na ce ga shi na kawo. Ta ce in sa, amma in rage murya saboda masu shigowa gaisuwa. Ta saurari fuskar farko ba ta ɗago ba, hannunta na cikin tire. Da ihun mawaƙin ya yi yawa ta ɗan taɓe baki. Na ce, "Umma, wannan mai kaurin a ƙasa, shi ne Kawu." Ta ce, "Na ji."

Waƙar ƙarshe a fuska ta biyu mai sanyi ce, a hankali take tafiya. Wajen tsakiyarta kowa ya yi shiru, aka bar ganga da bes kawai. Sai wata murya ta matso kusa, muryar saurayi, ba waƙa yake ba, magana yake, da Hausa. Ya ce, "Auta, ki daina kuka. Na je in dawo. Ki ci abincinki." Sau biyu ya faɗa, ƙaho ya shigo ya rufe.

Hannun Umma ya tsaya a cikin shinkafar.

Ta ce, "Mayar baya."

Na mayar. Ta saurara, ta ce in sake. A karo na uku ta ajiye tiren a ƙasa.

Ta ce tana 'yar shekara bakwai ya bar gida. Shi ke goya ta zuwa makarantar allo, shi ke raba mata nama daga kwanonsa. Ta tashi wata safiya aka ce ya tafi, aka kuma hana ta tambaya. Ta yi kwanaki ba ta cin abinci sai an yi mata dole. Da ya dawo bayan shekara uku ta ƙi gaishe shi, kuma ko da suka girma suka shirya, abin bai fita daga ranta ba, cewa ya tafi bai ce mata komai ba. Ba ta taɓa faɗa masa ba, shi ma bai taɓa tayar da maganar ba.

Ta ce, "Wa ya gaya masa ba na cin abinci?"

 Wataƙila yana aiko wani ya duba masa gida. Wataƙila sanin ta kawai ya yi.

Ta share fuska da bakin mayafi. Sannan ta ce in kira mutumin nan. Na ce, "Umma, ba mu san mutanen da yake magana a kansu ba. Shi kansa ban gama yarda da shi ba. Ga kuma Kawu Babba."

Ta ce, "Yaya ni zan same shi. Mutumin kuwa ba sai ka yarda da shi ba. Ka je da kanka, ka rubuta da hannunka, ka tsaya ka ga sun sa daidai. Sunansa da na mahaifinmu."

Na je. Na rubuta a gaban tsohon da manyan baƙaƙe, na sa ya karanta min, na ɗauki hoton takardar. Ko za a buga faifan, ko ba za a buga ba, ban sani ba, kuma Kawu Babba har yanzu gaisuwa kawai ke haɗa mu. Abin da na iya shi ne in rubuta wannan, don jikokin Kawu su san cewa kakansu ɗan kasuwa ne mai gaskiya, mai sallah a kan lokaci, kuma yana cikin samari biyar da suka yi kiɗa mai kyau a lokacin da garuruwan nan ke farfaɗowa daga yaƙi, ba tare da kowa ya san su ba.

Allah ya gafarta masa abin da muka sani da wanda ya ɓoye mana, ya yalwata masa kabarinsa. In tamu ta zo, Allah ya sa mu cika da imani.